Kilif ɗin fistin da injin ban ruwa a fadamar Bana

Sharhin yau daga Bana ya fito, a gundumar Gaya ta jihar Dosso a Nijar, kuma a kan wani ɗan guntun ƙarfe ne wanda yawancin masu injin ban ruwa da 'yan kabu-kabu ba su taɓa sa shi a ido ba, alhali kullum shi ke riƙe da abincinsu.

Wanda ya san Bana ya san ƙasar fadama ce. Tana cikin yankin kwarin Dallol Foga da Dallol Mauri, inda giginya ta yi daji, inda ake dafa gishirin Foga tun kaka da kakanni, inda kuma ruwa ba ya da zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Da an gama girbin gero da dawa sai hankali ya koma lambu: rake, dankali, rogo, albasa, tumatir. Jigo da guga sun ja baya. Abin da ake ji yanzu daga Bana zuwa Bengu da Tunuga, tun da sanyin safiya, ƙarar ƙananan injuna ne suna zuƙo ruwa daga rijiya. A kan hanya kuma babura ne ke jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Gaya, wasu su miƙe har Kamba ta jihar Kebbi.

Injin lambu da injin babur, a ciki fasalinsu ɗaya ne. Akwai fistin da ke hawa da sauka cikin silinda, akwai sandar da ke haɗa shi da karanshaf, sai wani gajeren bututun ƙarfe mai santsi, gajan-fin, da ya ratsa fistin da kan sandar ya haɗa su. Ba noti ya ɗaure shi ba, ba walda aka yi masa ba. Abin da ya hana shi zamewa hagu ko dama kilif ne guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Kowanne ɗan zoben waya ne mai buɗaɗɗen baki, zaune cikin siririn gurbi da aka zana a jikin fistin.

A injin ban ruwa irin Honda GX160, da takwarorinsa na China masu lamba 168F da suka cika kasuwa, kaurin gajan-fin milimita 18 ne. A babur ƙirar CG125 milimita 15 ne. Kilif ɗin da kaɗan ya ɗara haka. To amma a duba wahalar da yake sha. Injin GX160, idan yana cikakken aiki, yana juyawa sau 3,600 a minti. Wato fistin na hawa ya sauka sau 60 a daƙiƙa ɗaya, yana tsayawa ya sauya hanya sau 120, kuma duk sauyawa sai an fizgi kilif. Manomin da ya tayar da inji bayan asuba ya kashe shi da hantsi, awa 4 ke nan, ya sa 'yar wayar nan ta sha fizga fiye da sau miliyan ɗaya da rabi. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ƙarshen rani.

Matsalar tsare gajan-fin ta girmi kowa da ke sauraro. A 1927 wani injiniya Bajamushe, Hugo Heiermann, ya nemi rajistar wani zobe na tsare gajan-fin, kuma kamfanin Seeger, wanda aka kafa a Frankfurt a 1917, shi ya ƙera shi ya yaɗa shi. Daga baya Jamusawa suka ƙayyade masa awo: DIN 471 na zoben da ke hawa kan sanda, DIN 472 na wanda ke shiga cikin rami. A bisa wannan awo, sanda mai kaurin milimita 20 ana zana mata gurbi har kaurinta ya koma 19 a wurin, shi kuma zoben kaurinsa milimita 1.2 ne. Zurfin gurbin ke nan rabin milimita. A kan rabin milimita giya take tsaye, a kansa boris yake zaune. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane abin da ya sa ɗan datti a gurbi, ko 'yar lanƙwasa a zobe, ba ƙaramin abu ba ne.

Da a ce ana barin kilif inda masana'anta ta sa shi, da zai iya cinye rayuwar inji bai motsa ba. Amma a wannan ƙasa ba a daɗewa ba a buɗe inji ba. Ƙurar hunturu ce ta farko. Sau da yawa sai a tarar matatar iska ta toshe, mai inji ya cire ta ya yar don ya ji injin ya ƙara ƙarfi, daga nan yashi ya riƙa shiga kai tsaye yana goge ringi da silinda. Ga baƙin mai da ba a sauyawa sai ya koma kamar ba mai ba. Ba da jimawa ba sai hayaƙi ya fara, ƙarfi ya ragu, a ce sai an sauya ringi da fistin. Kuma ba a sauya fistin sai an cire kilif.

Ga kuma batun iyaka. Kayan gyara na iso Gaya ne ta hanya biyu: ko daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano su hau zuwa Malanbil su tsallako gada, ko daga Nnewi da Anacha da Kano su biyo ta Kamba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, kuma ta Kamba ba a sake buɗe ta a hukumance ba sai Afrilun 2022. Ba a gama numfasawa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, hanyoyin biyu suka toshe lokaci ɗaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, amma gadar Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, mutane da ƙananan kaya suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale. Duk sa'ad da hanya ta toshe, kaya na tsada, kuma duk sa'ad da kaya suka yi tsada, makaniki na ƙara lallaɓa tsoho.

A nan ne ake yawan ɗora laifi inda ba shi ba. Za ka ji ana cewa makanikan ƙauye ba su da kayan aiki, shi ya sa gyaransu ba ya ƙarko. Gaskiya ne da wuya a tarar da filayar kilif, mai siraran baki biyu, a akwatin makanikin da ke zaune ƙarƙashin darbejiya. Amma kilif ɗin fistin, irin na waya, ba shi ma da ramukan da wannan filaya za ta kama. Ko a babban gareji da tsinken ƙarfe da yatsa ake fitar da shi. Hannun makanikan Bana ya isa wannan aiki sarai. Abin da ke kashe inji shi ne gaggawa, da mayar da kilif ɗin da ya riga ya gaji.

Ga yadda abin ke faruwa sau tari. An shimfiɗa buhu a ƙasa, an zare silindar babur, fistin na lilo a kan sandarsa, ƙarƙashinsa cikin inji a buɗe. Yaron gareji ya sa bakin sukudireba ya ɓanɓaro, sai a ji ƙyas.

"Maigida, ya yi tsalle."

"Nemo shi."

Sai a ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika a yi ta jan sa cikin rairayi. In an dace a same shi, a hure, a mayar. In ba a dace ba, mai babur na tsaye yana cewa, "Malam, a dai lallaɓa, yau kasuwa ce." Sai a yanko waya, a lanƙwasa ta a jikin sufana, a cusa. Injin zai tashi, mai shi zai biya ya tafi yana godiya. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne ko kilif ɗin rairayi ya faɗa, ko cikin inji.

Don haka aikin farko, kafin a taɓa komai, shi ne a cusa tsumma mai tsabta a bakin injin, kewaye da sandar, har ba sauran kafa. Kilif da ya faɗa ciki yana iya shiga tsakanin haƙoran giya, kuma fitar da shi kan kai ga raba inji gida biyu. Wannan hatsari na babur ne. A injin ban ruwa fistin da sandarsa tare suke fitowa, sai a yi aikin a kan benci ko cikin tire, ba a kan yashi ba.

A gefen ramin gajan-fin akwai 'yar tsaga da masana'anta ta bari da gangan. Nan ake sa tsinke. Mafi kyawun tsinke shi ne sifok ɗin babur da aka wasa bakinsa ya yi tsini, aka ɗan karya kansa kaɗan. A juya kilif a gurbinsa har bakinsa ɗaya ya zo kusa da tsagar, a sa tsinin a ƙarƙashinsa, a ɗora babban yatsa a kan ramin ya rufe shi, sannan a ɗago a hankali. Zai fito ya tsaya a tafin yatsa. Kada a dogara da gefen gurbin a ɓanɓara da ƙarfi, domin fistin alminiyam ne, ya fi tsinken laushi, kuma gurbin da ya ɓare ba zai sake riƙe ko sabon kilif ba.

Guda ɗaya ya isa a cire don gajan-fin ya fita. A tura shi ta ɗaya gefen da yatsa ko da guntun icce. In ya ƙi, ba guduma ce maganinsa ba, don duka na lanƙwasa sandar. A jiƙa tsumma da ruwan zafi a naɗe fistin na ɗan lokaci. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi, ramin zai saki.

Wajen sa sabo kuwa, masu dabara kan sa na farko tun fistin na hannu, inda ake gani sosai, su bar guda ɗaya tak da za a sa a kan inji. A sa baki ɗaya na kilif cikin gurbi, a danne shi da babban yatsa, a bi sauran da bakin ƙaramar sukudireba ana turawa kaɗan-kaɗan har ya zagayo. Ba a matse shi gaba ɗaya a cusa. In ya zauna za a ji ƙas. Wanda bai ji wannan ƙara ba, bai gama aiki ba.

Saura abu biyu da ake yawan tsallakewa. Littafin gyara na Honda ya hana a bar buɗaɗɗen bakin kilif daidai da tsagar nan, don a nan ne ba shi da abin jingina. Ƙwararru kuma kan juya bakin ya kalli sama ko ƙasa, wato hanyar da fistin ke bi. Dalili shi ne in bakin na kallon gefe, fizgar hawa da sauka kan matse ɓangarorin biyu su rufe, zoben ya tsuke a daidai lokacin da ake so ya buɗe ya kama gurbi. In yana kallon sama ko ƙasa, fizgar ba ta samun yadda za ta tsuke shi. Na biyu, a sa tsinke a gwada juya shi. Ya kamata ya juya, amma da ɗan turjiya. In ya ƙi motsi, bai shiga gurbi duka ba. In yana yawo sakaka, ya mutu.

Mutuwar kilif ba a ganin ta da ido, shi ya sa ake gardama a kanta. Ƙarfen da ake yin sa da shi an horar da shi ne ya lanƙwasu ya koma yadda yake, amma yana da iyaka. In aka wuce iyakar sau ɗaya, ba ya komawa duka, kamar robar wando da ta saki: tana nan a wurinta, amma ba ta riƙe komai. Ɓanɓarowa da sukudireba kusan kullum kan kai shi wannan iyaka. Shi ya sa masu ƙera injin suka ce duk lokacin da aka cire, sabo za a sa. Mai shakka ya ɗora tsohon a kan sabo ya gani, sau da yawa tsohon ya ɗan tsuke, ko kuma in aka kwantar da shi a kan gilashi gefe ɗaya ya ɗaga.

Waya kuwa, ko ta ɗauri ko sifok da aka lanƙwasa, ba ta da wannan hali tun asali. Haka kuma ba a musanya iri da iri. Gurbin kilif na waya zagayayye ne, na kilif mai faɗi kuma mai kusurwa ne. Aka sa wannan a gurbin wancan, rabin jikinsa ne kawai ya zauna.

Ranar da kilif ɗin fistin ya fita, gajan-fin zai zame ya taɓa bangon silinda, kuma ƙarfe ne mai tauri ƙwarai. Cikin ɗan lokaci sai ya zana layi biyu masu zurfi daga sama zuwa ƙasa. Mai ya riƙa haurawa, hayaƙi ya turnuƙe, fulogi ya jiƙe, inji ya mutu. Mai babur zai sayi silinda da fistin. Mai injin ban ruwa ya fi shi shiga uku, domin a GX160 da ire-irensa silinda da gangar jikin injin abu ɗaya ne da aka zuba tare. Kuma wannan na faruwa ne a watan da rake da albasa ba sa jure rashin ruwa.

Ban da na fistin, akwai kilif mai faɗi mai ramuka biyu a bakinsa, wanda shi ne ainihin wanda aka yi wa filaya ta musamman. Ana samun sa a cikin giya, a sandar kik, a bayan boris na injin niƙa, a kan robar da ke tare mai a shakazobar gaba ta wasu babura. Wajen cire shi, abin da aka saba yi shi ne ƙusa biyu, mutum biyu, ɗaya na ja nan ɗaya na ja can. Yana fita, amma a murɗe.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma ba ta buƙatar zuwa Yamai. A samu tsohuwar filaya mai dogon baki, a kai wa maƙeri ko mai walda, a wasa bakunan biyu su zama zagayayyu daidai ramukan kilif. Ana wasawa ana tsomawa a ruwa, domin in bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, zai lanƙwashe a aikin farko. In da hali a gama da magagari. Wannan filaya ta dace da kilif na cikin rami, wanda matse shi ake yi ya fito. Na kan sanda kuwa buɗa shi ake yi, don haka sai a sa bakunan a ramuka, a sa sukudireba tsakanin muƙamuƙan filayar a murɗa a hankali, ta buɗe shi daidai gwargwadon da zai zame a kan sandar. Ko kaɗan kada a ƙara. Zoben sanda mai milimita 20, in yana zaune shi kaɗai, cikinsa milimita 18.5 ne. Buɗawar milimita ɗaya da rabi ke nan kawai ake nema, ba wage shi ba.

Wajen mayarwa ma akwai dabarar da masana'antu kansu ke amfani da ita. Ana ɗora wani ƙarfe mai tsini, siriri a sama mai kauri a ƙasa, a kan bakin sandar, a zura zoben ta saman, a tura shi da bututu. Yana sauka yana buɗewa daidai ta ko'ina har ya faɗa gurbi. Mai injin sassaƙa ƙarfe a Gaya zai iya fitar da irin wannan daga tsohon aksil, guntun bututun ruwa kuma ya yi aikin turawa.

Wannan kilif mai faɗi yana da fuska biyu, kuma farce ne ke bambance su. Da yake huda shi aka yi daga faranti, gefe ɗaya ya ɗan zagaye, ɗayan yana da kaifi. Mai zagayen shi ke kallon abin da ake tsarewa, giya ce ko boris. Mai kaifin ya kalli waje, don in nauyi ya turo, kaifin ya ciji bangon gurbi. Aka juya shi, zagayayyen gefen kan hau bangon ya zame. Yara da yawa kan gama shekarun koyo ba wanda ya nuna musu wannan.

Akwai wani kilif ƙarami ƙwarai da 'yan kabu-kabu suka fi kowa sani, wato na allurar kafireto. A kafireto da yawa allurar na da gurabe 5 a samanta, kilif ɗin na zaune a na tsakiya. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ya yi tsada, buƙatar "a rage mini shan mai" ta ƙaru. Abin da makaniki ke yi shi ne ya mayar da kilif gurbin sama, allura ta sauka, mai ya ragu. Ana samun sauƙi a aljihu, amma injin da mai ya yi masa kaɗan zafi yake ƙarawa, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Gaya ke kai wa digiri 40, babur ɗin da aka labta wa rake da mutum biyu yana iya kama fistin. Gurbi ɗaya ya isa a matsa, sannan a duba launin fulogi: in ya yi fari fat, an wuce gona da iri. Shi wannan ɗan kilif kuwa cikin farar leda ake cire shi, hannu biyu da allurar duka a ciki, in ya yi tsalle ledar ta tare shi. Mayarwa kuma a kwantar da shi a kan katako, a danna allurar a kansa.

Kilif na sarƙa kuwa bayaninsa gajere ne: rufaffen kansa ya kalli inda sarƙar ke tafiya.

Wuri ɗaya ne dabara ba ta da hurumi, shi ne birki. Babura masu birkin gaba na mai suna da kilif a can cikin wani rami mai zurfi kusa da hannun birki, shi ke tsare ɗan fistin da ke tura man. Tsinke kan karce bangon ramin, mai ya fara yoyo, kuma ba a ganin ko kilif ya zauna ko bai zauna ba. A nan ran mutum ne, da na wanda ya ɗauko. Makanikin da ba shi da filaya mai dogon baki ta ainihi, ya aro, ko ya tura mai babur Gaya. Ba abin kunya ba ne. Kuma filayar nan kuɗinta bai kai na silinda ɗaya ba. Makanikai huɗu ko biyar da ke aiki a layi ɗaya, in suka yi adashi na mako kaɗan, za su mallaki saiti cikakke, na ciki da na waje, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe.

Sai ido. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a wannan sana'a maganar ba ta da wani ɓoyayyen nufi. Kilif da ya kuɓuce yana fita da gudu, kuma fuskar yaron da ya sunkuya tana kusa da shi. Haka ma ɓurɓushin ƙarfe wajen wasa filaya. Ƙarfen da ya maƙale a ƙwayar ido yana fara tsatsa cikin 'yan sa'o'i. Ba a murzawa, ba a sa tsinken ashana, ba a gwada maganaɗisu. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a nufi asibitin Gaya a ranar. In aikin ya fi ƙarfinsu, Dosso na da nisan kilomita kusan 150, Yamai kusan 300, kuma wannan tafiya ce da gilashin kariya mai araha zai hana. Maigidan da ya karɓi ɗan mutane koyon aiki, amana ya karɓa, har da idanunsa.

Masu shagon kayan gyara su ma suna da hannu. Kwalin sabon fistin yakan zo da ringi da gajan-fin da kilif biyu. In ɗaya ya ɓace, da yawa daga masu shago ba su da shi shi kaɗai, sai dai a sayi wani kwalin. Wannan ne ke tura makaniki ga tsoho ko ga waya. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga Kano ko Kwatano, ƙullin kilif na milimita 13 da 15 da 18 ba zai cika masa aljihun riga ba, ko a kwale-kwale za a tsallako da shi. Ya ajiye su cikin gwangwani da ɗan mai don kada su yi tsatsa, ya sayar ɗaya-ɗaya. Cibiyoyin koyon sana'a kuma, da masu gidan da ke yaye yara, su sa wasa filaya da gane fuskar kilif cikin darussan farko.

Mai inji ma ba sai ya iya gyara ba kafin ya kare dukiyarsa. In an sauya masa fistin, ya ce, "Malam, a ba ni tsohon fistin da kilif ɗinsa biyu." In fistin ya zo da ɗaya a jikinsa, ɗaya a hannu, to sababbin ne a ciki. In aka rasa ɗaya, ya tambayi inda yake kafin a tayar da inji. Bayan gyara kuma ya kasa kunne a kwanakin farko. Ƙara mai kama da ƙwanƙwasa daga saman inji, ko hayaƙi fari-shuɗi da ya dawo bayan an sa sabon ringi, dalili ne na kashe injin nan take, ko da ruwa bai kai ƙarshen fangali ba. In zanen bai yi zurfi ba, masu injin gyaran silinda za su iya faɗaɗa ta kaɗan a sa fistin da ya ɗara na asali da milimita 0.25 ko 0.50. In aka bar shi ya ƙara awa ɗaya yana aiki, zanen kan wuce wannan awo, sai dai a sa wa silindar sabuwar riga ko a sayi wata gangar jikin.